Robar Da Na Ɗaura Wa Basiru

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Basiru makwancinsa a Talata Mafara. Waɗanda suka yi biki a Mafara da Bakura da Maradun a wancan lokaci za su tuna shi da sunan mai fiyano, siririn nan da yake zuwa da kayan kiɗansa ɗaure a bayan babur, naɗe cikin tsohon bargo. Ni abin da na fi tunawa shi ne hannunsa na dama. A kan hannun nan zan yi magana, da kuma abin da na yi masa da nawa hannun.

Ni manomi ne, shinkafa nake yi a filin noman rani. Ban yi boko ina yaro ba. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, kuma na jira sai da na iya rubuta wannan da kaina, domin akwai maganar da ba na son in faɗa wa wani ya rubuta, ya gyara mini ita ta yi daɗin ji.

Na girme wa Basiru da shekara goma sha ɗaya. A gidanmu babu makaɗi, ba mu gada ba. A Gusau ya koyo fiyano, lokacin da ya je koyon gyaran rediyo, ya dawo da wata tsohuwa wadda madannanta biyu suka mutu. Mahaifinmu bai so ba ko kaɗan. Kusan wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa sai da ka. Da aka sa baki, ya yarda, amma ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, ba kiɗa lokacin salla. Na biyu, ya ce masa, "Duk inda ka tahi, kak in ji an ce ɗana ya hau kujera manya na ƙasa." Basiru ya ce ya ji. Ya riƙe maganar nan har bayan rasuwar tsohon.

Wanda bai san garuruwanmu ba ba zai gane nauyin sharaɗi na biyu ba. A wunin biki a ƙauye tabarmi ake shimfiɗawa a tsakar gida ko ƙofar gida. Gwaggwannin amarya da kakanninta a ƙasa suke zama, haka dattawan unguwa idan sun leƙo yin Allah sanya alheri. Saboda haka shi ma Basiru a ƙasa yake zama, ya naɗe ƙafa, ya ajiye fiyanon a kan tabarma gabansa. Ya sunkuya a kanta, kafaɗunsa sun haɗe da kunnuwansa, wuyan hannunsa ya lanƙwashe baya kamar na mai tura ƙofa. Tun daga bayan azahar har gab da magariba haka yake, in ban da tashin sallar la'asar. A lokacin kaka, da bukukuwa suke yawa, yakan yi kwana biyar a jere, yau Damri, gobe Damaga, jibi cikin Bakura. Mutane suna yabonsa da ladabi. Ni ma ina jin daɗi idan aka ce mini ƙanena ba shi da girman kai.

Ga kuma yadda yake dannawa. Lasifikarsa ƙarama ce, janareta yana ruri a gefe, mata suna guɗa. Idan hayaniya ta yi yawa sai ya ƙara ƙarfi, yana dukan madannan da kan yatsu har ka ji ƙarar robar a ƙarƙashin kiɗan. Mu 'ya'yan manoma ne. Tun muna yara an koya mana cewa kayan aiki damƙarsa ake yi, wanda ya riƙe fartanya sako-sako rago ne. Da wannan hannun ya je wa fiyano.

A shekara ta huɗu ciwon ya fara. Da farko zafi ne a wuyan hannun dama, yana hawa har gwiwar hannu. Wata safiya ya same ni ina wasa lauje, ya miƙo mini hannun ya ce, "Yaya, duba min abin ga. Kamar an cusa min garwashi ciki." Na murza wurin, na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Duk wanda ya taɓa yankan shinkafa ya san shi. Idan wuyan hannu ya fara zafi a tsakiyar girbi, muna yanko robar cikin tayar keke mu ɗaure wurin tamau, zafin ya lafa, a ci gaba da aiki. Haka na ga mahaifinmu yana yi, haka nake yi. Na tashi na yanko roba mai faɗin yatsa biyu, na naɗa masa sau uku, na ja har sai da ya cije leɓe. Ya motsa yatsunsa ya ce lallai ya ji dama. Ya hau babur ya tafi Damri.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, girbi kwana goma ne ko sati biyu, daga nan hannun manomi ya huta. Shi Basiru ba shi da ranar gama girbi. Daga wannan rana, duk lokacin da zai fita kiɗa sai ya biyo ta gidana in ɗaura masa, domin ya ce matarsa Hajara ba ta iya ja da ƙarfi. Kusan shekara biyu muna haka.

Akwai mutum ɗaya da ya gaya mana gaskiya. Sunansa Malam Bitrus, mutumin Zuru, malami ne a wata makarantar sakandare a Mafara, shi yake kaɗa musu fiyano a cocinsu ranar Lahadi. An gayyace shi bikin wani abokin aikinsa, ni ma ina wurin. Na ga ya tsaya jikin bango yana kallon Basiru, ba ya kallon masu rawa. Da aka tashi sallar la'asar ya jira muka idar, sannan ya zo ya gaishe mu, ya yaba kiɗan, ya ce Basiru yana da kunne irin wanda ba a koyarwa. Sai ya nuna robar ya ce, "Amma wannan mene ne?"

Basiru ya ce, "Magani na, Malam. Na Yaya."

Malam Bitrus bai yi dariya ba. Ya ce mu zo gidansa ranar Asabar da safe. Muka je. A ɗakinsa fiyanon tana bisa wasu ƙafafun ƙarfe, ga kujera marar hannu a gabanta. Ya zaunar da Basiru, ya sa ya kwance robar, ya ɗora masa hannu biyu a kafaɗa ya ce ya saki numfashi. Sai da ya faɗa sau uku kafin kafaɗun suka sauko. Ya gyara tsayin ƙafafun ƙarfen har damtsen Basiru, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ya miƙe daidai da madannan, wuyan hannu bai karye sama ba, bai faɗa ƙasa ba. Ya ce ya lanƙwasa yatsu kamar ya kife hannunsa a kan gwiwarsa. Ya ce nauyin hannu ya isa ya saukar da madanni, ba sai an doke shi ba, kuma da zarar sauti ya fita a saki, kada a ci gaba da matsawa.

Sannan ya yi wani abu da har yau nake gani a idona. Ya ce Basiru ya doki madanni ɗaya da iya ƙarfinsa. Ya doka. Ya ce to yanzu ya taɓa shi a hankali. Ya taɓa. Ya tambaye shi, "Irin taka fiyanon, in ka yi mata haka, wanne ya fi ƙara?" Basiru ya san amsar. Tasa irin tsofaffin nan ce da ba su san bambancin duka da taɓawa ba, ƙararta ɗaya ce ko yaya aka danna. Shekara shida yana zuba ƙarfinsa a wurin da ba ya ƙara komai.

Malam Bitrus ya ce masa ya riƙa tsayawa tsakanin waƙa da waƙa, ya saki hannuwansa ƙasa ya kaɗa su kaɗan. Ya ce zafi saƙo ne, ba abokin gaba ba ne da za a ɗaure masa baki. Ya ce idan yatsu suka fara minjirya to jijiya ce ake matsewa a wuyan hannu, robar kuma ƙara matse ta take yi, ya ajiye kiɗa wata ɗaya ya je asibiti. Daga ƙarshe ya ce yana da wasu ƙafafun ƙarfen da ba ya amfani da su, Basiru ya ɗauka.

Na ga fuskar ƙanena lokacin da ya kaɗa waƙa ɗaya a zaune a kan kujerar nan. Ya juyo ya ce mini, "Yaya, wallahi kamar ba ni nika kiɗin ba." Yana so ya karɓa. Ni na hana. Ban hana a gaban mutumin ba, na yi godiya, na ce za mu aiko a ɗauka. A hanya na ce wa Basiru, "Kai yanzu sai ka je Damaga ka kafa ƙarfe, ka hau kujera, gwaggwannin amarya na ƙasa? Mi za a ce? A ce tsoho bai daɗe da rasuwa ba ka ta da maganatai. A ce kiɗin coci ka koyo." Ya ce to ko a tsaye ya riƙa yi. Na ce tsayuwa a kan manya ta fi zama muni. Ya ce to hutun wata ɗayan fa? Na ce, "Cikin kaka? Wa ka hutawa cikin kaka?" Ya yi tafiya kaɗan, sannan ya ce, "Shi ke nan, Yaya." Ba mu aika an ɗauko ƙarfen ba. Ranar Litinin ya biyo ta gidana, na ɗaura masa roba.

A ajinmu na yaƙi da jahilci, satin farko, malaminmu, wani matashi, ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake rubuta baƙaƙe. Na huda takarda wuri biyu, yatsuna sun yi fari saboda matsa. Ya ce, "Baba Garba, ba gudu biron zai yi ba. Sassauta." Ya kama wuyan hannuna ya girgiza shi har ya yi laushi. 'Yan ajin suka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na fito ban iya tafiya gida kai tsaye ba, sai da na zauna a bakin masallaci. Maganar da yaron nan ya gaya mini ita ce wadda mutumin Zuru ya gaya wa ƙanena, ni kuma ban gane ta ba sai da aka yi ta a jikina, bayan shekara huɗu da rufe shi.

Ciwon Basiru kuwa ya ci gaba yadda Malam Bitrus ya faɗa. Minjirya ta kama babban yatsa da manuni da na tsakiya. Hajara ta ce da safe sai ya daɗe yana yarfe hannun kafin ya iya riƙe buta. Muka kai shi wurin wanzami aka yi masa ƙaho a damtse. Wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a, aka karɓo rubutu ya sha. Ya fara sayen ƙwayar kashe zafi a kemis kafin kowane biki. Kofin shayi ya fara suɓuce masa. Wata rana a Bakura, ana tsakiyar shigo da amarya, hannun ya ƙi bin waƙar da ya kaɗa sau ɗari. Ya ɓata sau biyu, wata mata ta ce da ƙarfi, "Mai fiyano ko ka sha wani abu?" Aka yi dariya. Ya ƙarasa da hannun hagu, ya naɗe kayansa cikin bargo. Bai sake karɓar biki ba.

Sai a lokacin muka je asibiti a Gusau. Likitan ya dubi tudun naman da ke gindin babban yatsa, ya nuna mini yadda ya lotsa idan aka gwada da na hagu. Ya ce jijiyar ta daɗe a matse, aiki za a yi, kuma ko an yi ba lallai ne duka ya dawo ba, da mun zo tun minjirya tana zuwa tana tafiya da wataƙila hutu da gyaran zama sun isa. Ya ga sawun da ya yi baƙi a wuyan hannun ya tambayi mene ne. Basiru ya ce, "Agogo ne nika sawa." Ina tsaye a wurin. Ban gyara masa ba.

Aka sa mana ranar aikin bayan salla babba. Kafin nan, mutum ne mai mata da 'ya'ya uku, sai ya fara kabu-kabu da babur ɗin da yake ɗaukar fiyano. Hannun dama shi ne na totur da birki, kuma girgizar babur a kan hanyoyinmu ba ta bar wa hannun nan komai ba. Na ce masa ya zo gona mu yi tare, ya ce lauje ma ai damƙa ce. Wata Talata da hantsi, ranar kasuwa, ya ɗauko wani dattijo daga Damri zuwa Mafara. Dattijon ya rayu, ya karye a cinya, shi ya ba mu labari. Ya ce sau biyu Basiru yana tsayawa a gefen hanya yana yarfe hannu, yana ba shi haƙuri. A wata kwana suka ci karo da motar itace ta tsaya a kan hanya. Ya ce akwai tazarar da za a iya tsayawa, amma babur ɗin bai rage gudu ba, ya ji Basiru yana cewa, "Hannuna, hannuna," sannan ya yi salati.

Na san ajali ne. Kowa ya gaya mini a wurin zaman makoki, kuma na yi imani da haka, ko a kan kujera ya yi kiɗansa ranarsa ba za ta wuce ba. Amma malamanmu sun koya mana cewa kowane abu yana da sanadi, kuma za a tambayi mutum abin da hannunsa ya aikata. Malam Bitrus ya zo gaisuwa rana ta biyu. Ya zauna a ƙasa tare da kowa, ya yi mini ta'aziyya, bai ambaci komai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga baya aka mayar da shi wani gari, ban sake ganinsa ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me Basiru zai ce da zai leƙo yau. Yawancin garuruwan da ya yi kiɗa a cikinsu ba a wunin biki yanzu. Ana ɗaura aure da safe a gaggauce, kafin la'asar kowa ya kama hanya saboda tsoron abin da ke daji. Wasu gidajen da ya zauna a tsakar su ba kowa ciki, mutanen suna nan Mafara a raɓe a gidajen dangi. Ina jin wannan zai fi komai yi masa ciwo, domin shi mutum ne mai son ya ga tsofaffi sun tashi sun taka.

A cikin gari kuwa masu fiyano sun yi yawa. A tsaye suke yi yanzu, a kan irin ƙafafun ƙarfen nan, a gaban hakimi ma, babu wanda ya ce uffan. Abin da na hana ƙanena saboda maganar mutane, ba a yi shekara uku ba mutanen suka daina ganinsa abin magana. Na san zai yi dariya, ya ce, "Yaya, ashe jira kaɗai za mu yi." Amma ba duka ne ya gyaru ba. Watan jiya na tsaya a wani taro a Maradun ina kallon wani mai fiyano, magidanci ne, ya kafa ƙarfen ya yi masa tsawo, kafaɗunsa a ɗage, yana dukan madannai kamar mai sussuka. Duk bayan waƙa sai ya matsa wuyan hannunsa da haƙora a cije. Na jira ya gama, na gaishe shi, na gaya masa ya rage tsayin ƙarfen, ya saki kafaɗa, idan yatsu sun fara minjirya ya je asibiti kada ya jira. Ya dube ni tun daga hula har takalmin roba, ya ce, "Baba, kai ma kiɗin kaka yi?" Na ce a'a, manomi ne ni. Ya ce, "To Allah shi ba da damana mai albarka." Abokansa suka fashe da dariya. Ban ji haushi ba. Ni ma na taɓa jin gaskiyar nan daga bakin wanda ya fi ni saninta, na bar ta a hanya.

Idan na zauna na auna abin da ya rage na Basiru, ba shi da yawa. Ba a ɗauki kiɗansa a faifai ba. 'Yan waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane sun tafi tare da wayoyin. Fiyanon ta lalace a ɗaki, ɓeraye sun cinye wayoyin cikinta. Hajara ta yi wani auren a Bakura, 'ya'yan suna wurina, babu wanda ya ɗauki sana'ar, ni ma ban ce su ɗauka ba. Akwai mata a ƙauyukan nan da suke cewa shi ya yi kiɗan bikinsu, su ma in ka ce su rera maka ba za su iya ba. Abin da ya rage wanda zai amfani wani shi ne abin da aka koya masa a safiya ɗaya aka hana shi aiki da shi, shi ne na rubuta a nan iya yadda na riƙe. Duk mai sana'ar da hannu ne jarinsa, in ya karanta, ya ɗauka. Duk yayan da ƙanensa ke jin maganarsa, ya yi hankali da abin da yake faɗa.

Ni na yi masa wanka, ni da limamin unguwarmu. Da na zo kan hannun dama sai na tsaya. Shekara da shekaru na san hannun nan a ƙage, yatsu a takure, jijiyoyi a tashe kamar igiya. Ranar nan na ɗaga shi sai ya biyo ni, wuyan hannu a miƙe, yatsun sun ɗan lanƙwashe da kansu, ba nauyi, ba gardama. Liman ya ce, "Garba, a ci gaba, jama'a na jira." Na zuba ruwa.

Allah Ya gafarta wa Basiru, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma Ya sa ya yafe mini kafin mu haɗu.